Tambayoyi da Amsoshi Kan Inganta Katalis na Oksayid a Aikin Raba Ruwa

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kimiyyar sinadarai da sababbin masu bincike suka fi maimaitawa idan suka fara aiki a kan samar da haidurojin daga ruwa. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma an nuna inda wata amsa ta dogara da wata.

1. Tun da haidurojin ake nema, me ya sa ake ta maganar oksijin?

Idan aka tsoma sanduna biyu masu ɗaukar lantarki a cikin ruwa aka kunna wuta, ruwan yakan rabu gida biyu: haidurojin ya fito a sandar da ake kira katod, oksijin kuma ya fito a wadda ake kira anod. William Nicholson da Anthony Carlisle sun nuna haka a Landan tun 1800, jim kaɗan bayan Alessandro Volta ya ƙirƙiri batirinsa. Haidurojin shi ne hajar da ake so, domin da shi ake yin amoniyar takin zamani, da shi ake tace man fetur, kuma ana ƙoƙarin sa shi ya maye gurbin kwal a narkar da tama. Sai dai elektiron ɗin da katod yake buƙata daga anod suke tasowa, daga ruwan da ake cire wa oksijin. Idan anod ya yi nawa, dole katod ya jira shi, kamar yadda ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi gajiya.

2. Mene ne ya sa fitar da oksijin ya fi fitar da haidurojin wahala?

Elektiron biyu kawai ake motsawa kafin ƙwayar haidurojin ɗaya ta fito. Ƙwayar oksijin kuwa sai an cire elektiron huɗu da furoton huɗu daga ƙwayoyin ruwa biyu, sannan a ƙulla atam biyu na oksijin da juna, kuma wannan ƙullin shi ne mafi wuya. A lissafi, bolt 1.23 ya isa a raba ruwa a zafin digiri 25 na Selshiyos, amma na'urorin masana'antu sukan yi aiki ne a tsakanin bolt 1.8 zuwa 2.0. Abin da ya hau kan 1.23 shi ake kira rarar bolt, kuma kaso mai yawa na wannan rara a anod ake biyansa, ko da yake tirjiyar tantanin da ke raba sandunan biyu da ta ruwan na'urar su ma suna cin nasu rabo.

Rarar ba ta zama haidurojin, akasarinta zafi take zama. Shi ya sa kilo ɗaya na haidurojin yake cin kimanin yunit 50 zuwa 55 na lantarki a na'urorin yau, alhali makamashin da ke cikinsa bai wuce yunit 39.4 ba. Kuɗin wuta kuwa shi ne kaso mafi girma a farashin irin wannan haidurojin.

3. Mene ne katalis, kuma don me aka fi son oksayid a kan ƙarfe tsantsa?

Katalis abu ne da yake gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A nan, shafe ne da ake yi wa anod domin ruwa ya sami wurin da zai manne, ya saki elektiron ɗinsa daki-daki, ya tashi a matsayin oksijin. Oksayid kuwa shi ne ƙarfen da ya riga ya haɗu da oksijin, kamar yadda tsatsa take ga baƙin ƙarfe.

A gaskiya ba zaɓi ba ne, tilas ce. A ƙarfin lantarkin da oksijin yake fita, kusan kowane ƙarfe yakan yi wa kansa rigar oksayid, har zinariya da filatinam waɗanda ba su tsatsa a iska. Saboda haka ko an sa ƙarfe tsantsa, oksayid ɗinsa ne yake yin aikin, kuma ya fi kyau a ƙera shi da gangan a bisa tsarin da ake so. Amsa ta 9 ta nuna cewa wannan ƙa'ida ta shafi har abubuwan da ba a ƙera su a matsayin oksayid ba.

4. Wane bambanci ne ke tsakanin aiki a ruwan asid da a ruwan alkalin?

Na'urar alkalin ita ce tsohuwa. Tana amfani da ruwan fotasiyam haiduroksayid mai kauri, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, da sandunan nikel, kuma da irinta aka yi takin zamani a Rjukan ta Norwe tun ƙarshen shekarun 1920, da kuma a Aswan ta Masar tun wajejen 1960. A cikin wannan ruwa oksayid na nikel da kobalt da baƙin ƙarfe ba su narkewa da sauri, don haka ana iya aiki da ƙarafa masu araha.

Ɗaya na'urar kuwa, wadda kamfanin General Electric ya fara ƙerawa a shekarun 1960, tana amfani da siririn tantani mai wuce da furoton, irin Nafion. Ba ta da girma, tana ɗaukar kwararar lantarki mai yawa, kuma tana saurin bin hawa da saukar wutar rana da ta iska. Amma cikinta asid ne mai ƙarfi, kuma asid haɗe da babban bolt yana cinye kusan dukkan oksayid masu araha cikin ɗan lokaci. Daga nan matsalar iridiyam ta taso, kamar yadda yake a amsa ta gaba.

5. Idan oksayid na ruteniyam ya fi sauri, me ya sa iridiyam ake sawa a na'urori?

Oksayid na ruteniyam da na iridiyam sun shigo masana'antu ne ta hanyar yin kulorin, bayan Henri Beer ya ƙirƙiri anod na titaniyam mai shafen oksayid na ruteniyam a tsakiyar shekarun 1960. Wajen fitar da oksijin a asid, ruteniyam ya fi sauri, amma idan bolt ya haura kimanin 1.4 sai ya fara rikiɗa zuwa RuO4, wato oksayid mai atam huɗu na oksijin a kan kowane ruteniyam, wanda yake narkewa ya bar sandar. Iridiyam ya ɗan fi shi nawa, amma yana jure shekaru. Gwajin da aka yi a cibiyar Argonne ta Amurka a 2014 ya jera ƙarafa biyar bisa saurinsu, osmiyam a gaba, sai ruteniyam, iridiyam, filatinam da zinariya, sannan ya tarar cewa jerin juriyarsu akasin wannan ne daidai.

Matsalar iridiyam ita ce ƙaranci. Abin da duniya take haƙowa a shekara bai wuce tan 7 zuwa 8 ba, alhali zinariya tana haura tan 3,000, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu yake fitowa, a matsayin abin da ake tsinta yayin haƙar filatinam. Ba a buɗe masa mahaƙa don kansa. A farkon 2021 farashin oza ɗaya ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 zuwa sama da 6,000 cikin 'yan watanni. Lissafi mai sauƙi yana nuna girman abin: idan kowace santimita murabba'i ta ci miligiram 2 na iridiyam tana jan wat 4, to na'urori masu ƙarfin gigawat ɗaya za su ci rabin tan.

6. Shin akwai iyakar da ba za a iya rage rarar bolt ƙasa da ita ba?

Akwai, matuƙar katalis yana bin hanyar da aka saba. A wannan hanya ruwa yana mannewa a kan atam ɗin ƙarfe ɗaya, ya zama OH, sannan O, sannan OOH (O na nufin atam ɗin oksijin, H na haidurojin), kafin oksijin ya tashi. Ƙa'idar da ake dangantawa da Paul Sabatier na Faransa, wanda ya sami kyautar Nobel a 1912, ta ce katalis nagari shi ne wanda bai riƙe waɗannan 'yan tsakani da ƙarfi ainun ba, kuma bai yi musu riƙon sakainar kashi ba. Da a ce kowane mataki cikin huɗun yana cin daidai 1.23, da babu rara ko kaɗan.

Sai dai lissafin kwamfuta da Jan Rossmeisl da Jens Nørskov da abokan aikinsu suka wallafa a 2011 ya nuna cewa OH da OOH duka ta atam ɗin oksijin ɗaya suke mannewa, don haka duk abin da ya ƙara wa ɗaya riƙo ya ƙara wa ɗayan. Tazarar makamashin da ke tsakaninsu takan tsaya a kusan elektiron-bolt 3.2 (ma'aunin makamashi a matakin atam) a kan oksayid iri-iri, alhali 2.46 ake buƙata. Idan aka raba bambancin biyu sai a sami kimanin bolt 0.37, wato mafi ƙarancin rarar da wannan lissafi ya yarda da ita. Bai kamata a ɗauki adadin tamkar katanga ba, domin an yi lissafin ne a kan fuskar kiristal mai tsafta wadda ba ta canzawa, kuma amsa ta 9 ta nuna cewa katalis na gaske ba haka yake ba.

7. Me ya sa ake cewa baƙin ƙarfe shi ne sirrin katalis na nikel?

Masu ƙera batirin nikel sun daɗe da sanin cewa gurɓacewar baƙin ƙarfe tana lalata musu caji, domin tana sa wutar ta tafi wajen fitar da oksijin. Dennis Corrigan, wanda yake aiki a ɗakin binciken General Motors, ya juya maganar a 1987: abin da yake illa ga batiri alheri ne ga mai raba ruwa, kuma ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin baƙin ƙarfe a cikin oksayid na nikel yana rage rarar bolt sosai.

Duk da haka, an ci gaba shekaru da dama ana wallafa sakamako a kan abin da aka ɗauka nikel ne tsantsa, ana ganin saurinsa yana ƙaruwa idan ya kwana a ruwan alkalin, ana kuma danganta hakan da canjin tsarin kiristal. A 2014 Lena Trotochaud da Shannon Boettcher na Jami'ar Oregon suka tace ruwan gwajin ta hanyar girgiza shi da garin nikel haiduroksayid, wanda yake tsotse baƙin ƙarfen da ke ciki. Da aka yi haka sai ya bayyana cewa nikel tsantsa katalis ne mai rauni, kuma baƙin ƙarfen da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba a ruwan da aka sayo shi ne yake shiga ya yi aikin. Binciken rukunin Alexis Bell na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2015 ya ƙara da cewa tsarin nikel ɗin yana iya karɓar baƙin ƙarfe har kusan rubu'i, bayan haka sai ragowar ya ware ya zama wani abu dabam maras ɗaukar lantarki sosai.

Har yanzu ana muhawara a kan wane atam ne ainihin wurin aikin, na nikel ko na baƙin ƙarfe, ko kuwa haɗin gwiwarsu. Amma darasin aiki a fili yake: duk wani sakamako a kan nikel ko kobalt da bai faɗi yadda aka tace ruwan gwaji ba, a karanta shi da hattara. Ko tulun gilashi ma abin zargi ne, domin alkalin mai ƙarfi yana cinsa ya saki abin da ke cikinsa, shi ya sa ake gwajin a mazubin roba.

8. Mene ne ferobskait, kuma me ya sa sunansa ya yawaita a wannan fanni?

Tsarin kiristal ne mai ƙarafa iri biyu da oksijin uku, wanda za a iya musanya ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ginin ya rushe ba, don haka ya dace da gwada ra'ayi. A 2011 Jin Suntivich da Yang Shao-Horn na jami'ar fasaha ta MIT a Amurka suka gwada fiye da iri goma, suka ga cewa sauri ya fi yawa idan adadin elektiron a wani rukunin falakin atam ɗin ƙarfe, wanda ake wa laƙabi da eg, ya kusa ɗaya. Da wannan ma'auni suka zaɓo haɗin bariyam, sitirontiyam, kobalt da baƙin ƙarfe da ake taƙaitawa BSCF, wanda ya ninka oksayid na iridiyam sauri aƙalla sau goma a ruwan alkalin idan aka auna bisa faɗin fuska. Ba a daɗe ba rukunin da kansa ya ba da rahoton cewa fuskar BSCF tana rasa tsarin kiristal ɗinta yayin aiki.

9. Shin katalis yana zama yadda aka ƙera shi bayan an kunna wuta?

Sau da yawa ba ya zama, kuma wannan ita ce gaskiyar da ta fi canza tunanin masu bincike a 'yan shekarun nan. Yawancin haɗe-haɗen nikel ko kobalt da sulfa ko fosforas da aka tallata a matsayin sababbin katalis, fuskarsu takan rikiɗe ta koma oksihaiduroksayid, wato ƙarfe haɗe da O da OH, da zarar an ɗora musu bolt. Abin da aka dafa a ɗakin gwaji uwa ce kawai, 'yar da ta haifa ita ke aikin. Wani lokaci rikiɗar tana da amfani: rukunin Thomas Jaramillo na Jami'ar Stanford ya nuna a 2016 cewa idan aka sa SrIrO3, ferobskait na sitirontiyam da iridiyam, a asid, sitirontiyam yana fita daga saman ya bar wani shafen oksayid na iridiyam mai sauri, wanda ya yi awa 30 da rarar milibolt 270 zuwa 290.

Wani abin kuma shi ne oksijin da ke cikin ginin oksayid ɗin kansa yana iya shiga aikin. Alexis Grimaud da abokan aikinsa sun tabbatar da haka a 2017 ta hanyar sa wa ferobskait alama da oksijin mai nauyi 18, sannan suka ga alamar a iskar da ta fito daga SrCoO3, na sitirontiyam da kobalt, amma ba su gan ta ba daga LaCoO3, na lantanam da kobalt. Wannan hanya tana iya kauce wa iyakar da aka bayyana a amsa ta 6, tun da ba lallai ta bi ta OOH ba. Amma ginin da ake zare masa tubali ana mayarwa yana cikin haɗarin rushewa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa sauri da juriya suke yawan jan juna.

10. Ta waɗanne hanyoyi ake rage iridiyam ba tare da na'ura ta lalace ba?

Hanya mafi kusa ita ce a baza shi siriri a kan wani abu mai araha, tun da atam ɗin da ke sama ne kawai suke taɓa ruwa. Ba a iya amfani da gawayin kabon kamar yadda ake yi a katod, domin a anod ƙonewa yake yi, don haka ake komawa ga oksayid na titaniyam ko na kuza da aka sa wa antimoni. Wahalar ita ce oksayid na titaniyam ba ya ɗaukar lantarki sosai, kuma idan iridiyam ya yi ƙaranci ƙwarai sai shafen ya tsattsage ya zama tsibirai waɗanda wuta ba ta kai musu. Ana kuma gauraya shi da ruteniyam domin a sami saurin ɗaya da juriyar ɗayan. A Japan, rukunin Ryuhei Nakamura na cibiyar RIKEN ya ba da rahoto a 2024 cewa ya warwatsa atam ɗin iridiyam ɗai-ɗai a kan oksayid na manganis, ya rage yawansa da kimanin kashi 95 cikin ɗari.

11. Yaya ake kwatanta katalis biyu bisa adalci?

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne rarar bolt a kwararar miliamfiya 10 a kowace santimita murabba'i, wanda aikin Charles McCrory da abokansa na 2013 ya ƙara kafawa. An zaɓi adadin ne domin ya yi daidai da na'urar da ke juya kashi 10 cikin ɗari na hasken rana zuwa makamashin sinadari. Sai kuma gangaren Tafel, wato milibolt nawa za a ƙara kafin kwarara ta ninka sau goma. Ga haɗin nikel da baƙin ƙarfe yakan kasance kusan 30 zuwa 40.

Ana iya yaudarar ma'aunin farko cikin sauƙi. Wanda ya lafta katalis mai yawa a kan soson nikel zai sami ƙaramar rara ko da abin nasa ba shi da wani kirki, domin faɗin fuskar gaske ya ninka wanda aka rubuta. Saboda haka wajibi ne a faɗi nauyin da aka shafa, a auna sauri bisa faɗin gaske ko bisa adadin wuraren aiki, a kuma auna iskar oksijin da ta fito domin a tabbatar wutar ba ta tafi wajen cin sandar ba. A ganin mai wannan rubutu, tseren karya tarihi da milibolt goma ko ashirin ya ci ƙarfin masu bincike fiye da amfaninsa, ganin cewa na'urar masana'anta mai tantani tana jan amfiya 1 zuwa 2 a kowace santimita murabba'i, wato ninki ɗari ko fiye na wannan ma'auni.

12. Gwajin awa goma ko ashirin ya isa a ce katalis yana da juriya?

Bai isa ba. Ana sa ran na'urar masana'anta ta yi dubun-dubatar awoyi a zafin digiri 50 zuwa 80, tare da kunnawa da kashewa. Bugu da ƙari, tsayuwar bolt wuri ɗaya ba hujja ba ce, domin shafe mai kauri yana iya narkewa daga sama na ƙasa yana maye gurbinsa, sai ranar da ya ƙare a ga faɗuwa farat ɗaya. Akasin haka ma yana faruwa, inda ƙananan kumfan oksijin suke toshe fuska a ɗauka katalis ne ya mutu.

Hanya mafi inganci ita ce a auna ƙarfen da ke narkewa cikin ruwan yayin da ake aikin. Serhiy Cherevko da Karl Mayrhofer da abokan aikinsu a Jamus sun gabatar da lambar juriya a 2018, wato ƙwayoyin oksijin nawa ake samu kafin atam ɗin iridiyam ɗaya ya narke, kuma ta nuna cewa oksayid mai cikakken kiristal ya fi maras tsari juriya nesa ba kusa ba, ko da yake maras tsarin ya fi sauri. A ɓangaren alkalin kuwa, an gano cewa baƙin ƙarfen da aka yi magana a kansa a amsa ta 7 yana fita yana komawa, don haka barin ɗan kaɗan daga cikinsa a ruwan na'urar yana tsawaita ran katalis.

13. Me aka koya daga yadda tsirrai suke raba ruwa?

Ganyen kowane tsiro yana fitar da oksijin ne da wani ɗan gungu mai atam huɗu na manganis, ɗaya na kalsiyam da biyar na oksijin, wanda masu bincike a Japan suka fito da hoton tsarinsa dalla-dalla a 2011. Bessel Kok ya riga ya nuna tun 1970 cewa gungun yana tara caji huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ya saki oksijin. Abin lura shi ne tsiro ba ya ƙoƙarin yin abin da ba ya lalacewa, sai dai yana sabunta furotin ɗin da ke riƙe da gungun a kai a kai. Katalis na kobalt da fosfet da Matthew Kanan da Daniel Nocera suka bayyana a 2008 ya bi wannan dabara, domin yana haɗa kansa daga ruwan da ba asid ba ba alkalin ba, kuma kobalt ɗin da ya narke yana sake kwantawa muddin wuta tana kunne. Shi ma oksayid na manganis, rukunin RIKEN da aka ambata a amsa ta 10 ya nuna a 2019 cewa zai iya wuce awa 8,000 a asid, da sharaɗin kada bolt ya haura iyakar da yake fara narkewa.

14. Za a iya amfani da ruwan teku kai tsaye?

Ana bincike a kai, amma gishiri yana kawo abokin takara. Kulorin yana fita a bolt 1.36 kuma elektiron biyu kawai yake buƙata, don haka a asid yakan riga oksijin, ya kuma ci sandunan. A alkalin tazarar tana faɗaɗa zuwa kimanin milibolt 480, wadda haɗin nikel da baƙin ƙarfe yake iya aiki a cikinta, sai dai magnesiyam da kalsiyam na ruwan teku suna daskarewa su toshe katod. A ɗaya gefen, tace ruwan teku ta matsa shi cikin tantani yana cin yunit 3 zuwa 4 ne kawai a kowace lita 1,000, kuma lita 9 ta isa kilo ɗaya na haidurojin a lissafi. Ko da an ninka wannan saboda asara, kuɗin wutar tacewar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yunit 50 ɗin da aka ambata a amsa ta 2 ba, shi ya sa manyan ayyukan da ake shiryawa a gaɓar teku suka zaɓi su tace ruwan tukuna.